Buhu Baki Buɗe Ba Ya Hawa Mota

A ƙasar Rano da Kibiya, da zarar kaka ta yi, hanyar hatsi sananniya ce. A yanke dawa a sussuka, a ɓare masara, a casa waken soya, tsaba ta shiga buhu, buhu ya tafi kasuwa, daga can ya hau mota ya bi ta Bunkure ya nufi Kano, galibi kasuwar Dawanau. Tsakanin manomi da motar nan akwai mutum guda da ba a tsallake shi, wato dillalin da ke karɓar kaya a ƙofar sito. Zai dubi ɗinkin bakin buhu, ya karanta shaidar da aka rubuta a jikinsa, ya ɗebi tsaba ya murza a tafin hannu ya ga ko abin da aka faɗa shi ne a ciki. In bai gamsu ba, 'yan dako ko taɓa buhun ba za su yi ba. Ka ce masa, "Haba Alhaji, tun asuba na baro gida," ya ce maka, "Malam, gyara kayanka ba sauke mu raba ba ne. Koma ka sake ɗinki."

'Ya'yan manoman nan yanzu da wani dillalin suke fama. Da yawa daga cikin waɗanda suka samu gurbin karatun kwamfuta a Jami'ar Bayero, ko Jami'ar Aliko Dangote da ke Wudil, ko kwalejin fasaha ta jiha mai reshe a nan Rano, ko suka shiga shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023, ba sa yin nisa sai sun ci karo da kompaila. Manhaja ce da ke karɓar abin da mutum ya rubuta da harshe irin C++, ta mayar da shi lambobin da injin kwamfuta ke iya aiwatarwa. Kafin ta mayar sai ta bincika, in ta ga abin da ya saɓa ƙa'idar harshen ta tsayar da lodi ta jero ƙorafi. Wani a kwamfutar aro yake gamuwa da ita, wani a wayar hannu ta Cxxdroid ko Termux, yana karanta ƙorafin yana lallaɓa caji.

Makon farko komai lafiya, domin lissafi ake yi. Rikici yana farawa ranar da malami ya ce a rubuta shirin da zai tambayi sunan mutum ya adana. Lamba a wajen kwamfuta kamar tiya take, an san cikinta, yawanci bayit 4. Suna kuwa yau Ado, gobe Abdurrahman. A ina za a zuba shi, wa zai tanadi mazubin, wa zai kula kada ya zube? Kusan duk ƙorafin da kompaila ke yi wa sabon shiga a kan rubutu daga tambayoyin nan uku yake fitowa.

Abin da ya cakuɗa lamarin a C++ gado ne. Harshen C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙiro a ɗakin binciken Bell da ke Amurka wajen 1972, bai zo da wani mazubi na musamman don rubutu ba. Haruffa ake jerawa ɗaya bayan ɗaya a filin da mai shiri ya ware da kansa, a ƙarshe a sa sifili domin a san nan rubutu ya tsaya. Sifilin nan shi ne ɗinkin bakin buhu. Kowane manomi ya san ba a cika buhu har leɓe, sai an bar inda basilla za ta kama. To haka sunan Rano yake, haruffa 4 ne amma gurbi 5 yake ci, Kibiya haruffa 6 gurbi 7. Ɗalibin da ya ware gurbi 4 ya zuba "Rano", kompailar C++ za ta tare shi ta ce rubutun ya fi ƙarfin mazubin. Ta C kuwa barinsa za ta yi ya wuce da buhu baki buɗe, sai shirin ya zo karantawa ya zarce cikin kayan maƙwabta, ya riƙa fito da alamomi marasa kan gado.

Bjarne Stroustrup, ɗan ƙasar Denmak, ya fara aikin da ya zama C++ a 1979 a wannan ɗakin binciken, sunan kuma ya tabbata a 1983. Ya ba masu shiri damar ƙera mazubinsu da kansu, abin da ake kira kilas, sai kowane gida ya saƙa nasa buhun: Microsoft da CString, Qt da QString, Borland da AnsiString. Sai a 1998, da aka fitar da ƙa'idar C++ ta duniya, std::string ya zama na kowa da kowa. Shi buhu ne da ya zo da yaronsa. Yaron yana ƙirga abin da aka zuba, in wuri ya ƙare ya nemo babba ya juye, in an gama aiki ya mayar da buhun sito. Tsohon tsarin kuma yana nan daram, domin C++ ya gaji C da duk tarkacensa. Ɗalibi ke nan ya shigo kasuwar da ake ciniki da mazubi iri biyu a rumfa ɗaya, ba wanda ya ja kunnensa.

Akwai abu na uku, wanda ya fi ruɗa mutane, shi ne takardar ajiya. Wanda ya bar kayansa a sito, akan ba shi 'yar takarda mai nuna buhun wane yana lungu kaza. Takardar ta san inda hatsi yake, amma ba a tuƙa tuwo da ita. A C++ ita ce char*, manuni, lambar gurbin da harafin farko yake zaune a ma'ajiyar kwamfuta. Rubutun da aka sa tsakanin alamun zance, kamar "Rano", da an jefa shi cikin lissafi sai ya koma irin wannan takarda. Wanda ya iya bambance tsaba da buhu da takarda, yawancin ƙorafin kompaila ba zai ƙara ba shi tsoro ba.

Ga ɗalibi ya rubuta "Rano" + "Kibiya" yana son sunayen biyu su haɗu. Kompailar GCC za ta amsa masa da invalid operands of types 'const char [5]' and 'const char [7]' to binary 'operator+'. Turancin yana da kwarjini, amma a bakin 'yan kasuwa cewa ta yi, ka miƙo mini takardu biyu ka ce in juye ɗaya cikin ɗaya. Dubi lambobin ma, 5 da 7, har wurin ɗinki ta ƙirga masa. Magani shi ne a fara zuba na farko a std::string, sai yaron buhu ya karɓi na biyun ya ƙara a kai.

Wani lokaci akasin haka ne. Tsofaffin ma'aikatan shiri, wato function, da aka gada daga C, irin su strlen da atoi da fopen, takarda kawai suka sani. Ka ɗauko musu sabon buhu da yaronsa, kompaila ta ce cannot convert 'std::string' to 'const char*'. A nan c_str() ke aiki, yana yanka maka takardar da ke nuna inda tsabar take a cikin sabon buhun. Sai dai a kula, takardar ta yau ce. In aka ƙara rubutu yaron ya juye cikin babban buhu, wadda ke hannunka tana nuna lungun da babu komai, ko kuma kayan wani.

Kalmar const da ke yawan fitowa a ƙorafin nan ma tana da ma'ana a kasuwa. Kayan amana ne, duba ka gani amma kada ka sa hannu. Rubutun da aka sa kai tsaye cikin shiri amana ne, shi ya sa daga ƙa'idar 2011 aka haramta ba shi takardar da ke da izinin canji, wato char* tsura. Littattafai da takardun lacca da aka rubuta kafin wannan shekara cike suke da misalan da suka yi haka, ɗalibi ya kwafa harafi da harafi, sabuwar kompaila ta yi masa tsawa, ya zauna yana zargin kansa.

Wani ƙorafin kuma na shaida ne. In aka ce 'string' was not declared in this scope, ko does not name a type, dillali cewa yake yi ban san wannan buhu ba, ba ka nuna mini daga wace rumfa ya fito ba. Ko dai an manta #include <string> a saman shiri, ko an manta std:: a gaban sunan. Akwai tarko a nan, domin <string.h> da <cstring> rumfar tsofaffin kayan C ce, kamannin suna ne kawai ya haɗa su da <string>. Shekarun dillalin ma abin dubawa ne. Turbo C++ na farkon shekarun 1990 ya girmi std::string, don haka bai san shi ba sam. Dev-C++ 5.11, wanda ke yawo a filas ɗin ɗalibai, yana zuwa da GCC 4.9.2, ita kuwa ƙa'idar 1998 take bi sai in an ce mata -std=c++11. Shi ya sa to_string da stoi suke aiki a wayar abokinka su ƙi a kwamfutarka, alhali shiri ɗaya ne.

Su to_string da stoi ɗin ma amsar wani ruɗanin ne. Buhun da aka rubuta wa 40 a jiki, rubutun tawada ne, tiya arba'in ɗin suna ciki. A shiri ma "40" mai alamun zance haruffa biyu ne, 4 da 0, ba a ninka shi da farashi sai stoi ya karanta shi ya mayar da shi adadi. Java, wani harshen rubuta shiri, ita ma haka take, za ta ce String ba ya zama int, sai an bi ta Integer.parseInt.

Ɗalibi Bahaushe yana da wani ƙarin kaya da littattafan Turai ba su cika ambata ba. Alamar zance guda, kamar 'a', ƙwaya ɗaya ce, gurbin bayit ɗaya. Alama biyu, kamar "a", buhu ne ko da ƙwaya ɗaya ke ciki. Tsarin ASCII na 1963 alamomi 128 kawai ya tanada, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ. A tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992 kuma ya mamaye intanet, kowane ɗaya daga haruffan nan masu lanƙwasa bayit 2 yake ci. Ka rubuta 'ƙ' ka ce char ne, GCC ta yi gargaɗin cewa ƙwaya fiye da ɗaya ka cusa a gurbin ɗaya. Ka tambayi std::string tsawon "gyaɗa", ya ce maka 6, kai kuma haruffa 5 kake gani. Yaron buhu gurbi yake ƙirgawa. Duk mai niyyar rubuta manhajar ajiye sunayen manoma ko littafin bashin kanti da Hausa, dole ya san wannan, in ba haka ba ranar da ya zo yanka suna zai raba ɗ gida biyu. Haka nan shirin da ya biyo ta Word ko aka kwafo daga takardar PDF yakan zo da alamun zance masu ado, tsohuwar GCC ta ce stray '\342' in program. Goge su kawai za a yi a sake bugawa da hannu.

Sanin ma'anar ƙorafi daban, sanin yadda ake karanta shi daban. Abin da ke karya gwiwar sabon shiga shi ne ya danna maɓalli ya ga ƙorafi ya cika allo. In buhun farko a mota ya kwanta a karkace, duk na samansa za su karkace, dillali kuma kowanne zai nuna. Ba wanda ke fara gyara daga saman lodi. A koma ƙorafi na farko, a gyara shi kaɗai, a sake gwadawa, sau da yawa sauran za su ɓace tare da shi. Lambar layin da kompaila ta ambata inda ta lura da matsala ne, tsabar da aka gani a kan buhun ƙasa kuwa daga na sama ta zubo. Waƙafi mai ruwa da aka manta a ƙarshen layi, ko bayan an rufe kilas, ko alamar zance da aka buɗe ba a rufe ba, duk sukan sa a zargi layin da ke biye. In kuma aka ga dogon suna irin std::__cxx11::basic_string<char>, kada a firgita, std::string ne dillali ya karanto cikakkiyar shaidarsa.

Akwai aikin gida da malaman C++ ke so, kuma suna da gaskiya: ɗalibi ya ƙera nasa kilas ɗin rubutu daga tushe. A nan ne mutum ke zama yaron buhun da kansa. Zai nemi wuri da new, ya mayar da delete[], ya tuna gurbin ɗinki a kowane lissafi. Zai haɗu da discards qualifiers, ma'ana an ba shi kayan amana ya miƙa wa ma'aikacin da bai yi alkawarin ba zai taɓa ba, gyaran kuma shi ne a sa const a bayan sunan ma'aikacin da karatu kawai yake yi. Zai haɗu da undefined reference, ma'ana an rubuta a littafin sito cewa akwai buhu, an shiga ɗauka ba a same shi ba, domin ya ambaci aiki a sama bai rubuta jikinsa ba, ko bai haɗa da fayil ɗin da jikin yake ba. Mafi muni shi ne wanda ba a yi masa ƙorafi. In bai koya wa kilas ɗinsa yadda ake kwafi ba, C++ takardar kawai zai kwafa, mutum biyu su riƙe shaidar buhu ɗaya. Na farko ya gama ya mayar da buhun, na biyu ya zo mayar da abin da babu, shiri ya faɗi. Daga nan ƙa'idar abu uku ta fito: kilas ɗin da ya buƙaci mai rushewa na kansa, yana buƙatar mai kwafi da mai sauya kaya na kansa.

Wannan ya kawo mu ga iyakar dillali. A ƙofar sito yake tsaye, ba ya bin mota. Abin da zai faru a hanya bai gani ba. Ka gwada takardu biyu da == kana nufin ka ga ko sunan ɗaya ne, a C++ da char* ko a Java da String, kompaila za ta bari ka wuce, amma lungu aka gwada, ba a duba tsaba ba. Buhu biyu na dawa iri ɗaya a lungu daban, amsa ta fito cewa sun bambanta. A Java equals ake so, a tsohon tsarin C kuma strcmp, std::string kuwa == ɗinsa yana buɗe buhu ya duba. Ka juye "Kibiya" da strcpy a mazubin da aka yanka wa "Rano", tsohuwar kompaila ba za ta ce uffan ba, rarar ta malala kan kayan da ke gefe.

Irin wannan malala ba ƙaramin abu ba ce. A watan Nuwamba na 1988 wani ɗalibin Jami'ar Cornell, Robert Tappan Morris, ya saki shirin da ya bazu a intanet ɗin wancan zamani, ya durƙusar da kwamfutoci da ake ƙiyasta sun kai 6,000. Ɗaya daga cikin ƙofofin da ya bi ita ce gets, ma'aikacin C da ke zuba duk abin da aka miƙo masa ba tare da tambayar girman buhu ba. Sai a ƙa'idar C ta 2011 aka kore shi gaba ɗaya. A 2019 injiniyoyin Microsoft sun bayyana cewa kusan kashi 70 cikin 100 na ramukan tsaro da suke toshewa kowace shekara daga sakacin ma'ajiya suke fitowa. Kuskuren da aka kama a ƙofar sito ɗinki kawai zai ci maka. Wanda ya tsallake ya fashe a hanya, hatsi ya tafi, sunanka ma ya zube a kasuwa.

Saboda haka mai hankali roƙon dillali yake yi ya ƙara tsanani. A GCC da Clang, ƙara -Wall da -Wextra yana sa kompaila ta faɗi har abin da take zargi, ko da ƙa'ida ba ta hana ba. Gargaɗi ba ya tsayar da lodi, shi ya sa ɗalibai ke tsallake shi, alhali a cikinsa ake samun gwada takarda da takarda da cusa ƙ a gurbin ƙwaya ɗaya. Ɗabi'ar da ta fi hatsari ita ce toshe bakin kompaila, a tilasta wa rubutun amana zama char* da ƙarfin tsiya don dai jan rubutun ƙorafi ya ɓace. Wannan daidai yake da goge shaidar buhu a rubuta wata, gero na nan a ciki an rubuta dawa.

Tun fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022, hanya mafi sauƙi ita ce a kwafi ƙorafi a liƙa masa, ya miƙo gyararren shiri, a manna a wuce. Babu laifi a tambaye shi, kamar yadda babu laifi ɗan dako ya taya ka ɗinki ranar da mota ke jira. Amma manomin da kullum sai an ɗinke masa, ranar da ba ɗan dako a kusa kayansa a ƙasa za su kwana. A ɗakin jarrabawa babu mai taya ka, a wurin aiki kuma shirin da za a damƙa maka na wasu ne, mai dubban layuka, da CString a nan, QString a can, char* a tsakani. In za a tambayi irin waɗannan manhajoji, a ce su bayyana abin da ƙorafin yake nufi, gyaran kuma mutum ya yi da hannunsa.

Malamai ma suna da nasu rabon. Turancin kompaila ba irin na WAEC ba ne, yaron da ya fito daga sakandaren ƙauye kuma yana iya fahimtar dabarar sarai kalmomin su kayar da shi. Darasi guda da za a ware a ɓata shiri da gangan, a cire include, a musanya alamun zance, a rage gurbin sifili, sannan a karanta ƙorafin tare a warware shi da Hausa, ya fi amfani da shafuka na ma'anoni da za a haddace. A fara koyar da std::string kafin tsohon tsari, kamar yadda Stroustrup kansa yake ba da shawara, kuma a sabunta kompailar da ke ɗakin kwamfuta, tunda GCC kyauta ce tun fitowarta a 1987.

Kai kuma ƙanena mai koyo, ko a Rurum kake ko a cikin garin Kibiya, samo littafi ka riƙa rubuta kowane ƙorafi da ka ci karo da shi, da abin da ya jawo shi, da yadda ka gyara. Kafin zangon karatu ya ƙare za ka ga su ɗin dai su ne suke ta dawowa. Duk sanda jan rubutu ya fito, karanta na farko har ƙarshensa, dubi layin da aka ambata da wanda ke samansa, sannan ka tambayi kanka abin da ke hannunka da abin da aka nema, kafin ka canza ko harafi ɗaya.